Mai Koyon Zane a Abuja Ya Fara da Tulun Ladi Kwali

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin waɗansu malaman zane, watau wai kwaikwayo aikin rago ne, wai yaron da aka miƙa wa takarda da fensir a ƙyale shi ya zana abin da ke cikin kansa, kada a ajiye masa aikin wani a gabansa. Maganar tana da daɗin ji, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan yaro yana zane ya san ba haka abin yake ba. Babu yaron da ke zane daga cikin kansa kaɗai. Kowane mai koyo kwaikwayo yake yi, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Abin tambaya kawai shi ne aikin wa yake kwaikwayo. A Abuja ta yau, amsar takan fito ne daga wayar hannu: hotunan 'yan ƙwallon Turai, da taurarin finafinan Indiya, da 'yan zane-zanen almara na ƙasar Japan. Alhali kuwa ƙasar da aka gina birnin a kanta tana da irin nata zanen, wanda har Ingila da Amurka an yi sha'awarsa tun ba a haifi iyayen waɗannan yara ba.

Wanda ke son ganin shaida ba sai ya yi nisa ba. Takardar naira 20 da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a shekarar 2007 tana ɗauke da hoton Janar Murtala Muhammed a gaba, watau shugaban da gwamnatinsa ta ƙirƙiro Birnin Tarayya ranar 3 ga Fabrairu, 1976. A bayanta kuwa ga wata mace tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda aka haifa wajen shekarar 1925 a garin Kwali, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya a yanzu, tare da Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da ta cikin birni. Mutane da yawa sun san ta da ginin tukwane, amma kaɗan ne suka lura cewa rabin gwanintarta zane ne. Jikin tulu shi ne takardarta.

Yadda ta koya

Ladi ba ta shiga makarantar zane ba. Tun tana yarinya aka sa ta hannun 'yar'uwar iyayenta, maginiya, ta koya yadda matan Gwari ke koyo tun kaka da kakanni: a zauna a kalla, a kwaikwaya, a ɓata, a sake. Maginiyar Gwari ba ta da injin juya tukunya. Curin yumɓu take ajiyewa, ta huda tsakiyarsa, ta riƙa jawo shi sama tana zagaya shi da ƙafafunta, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu a baki har tulu ya tashi. In ya ɗan sha iska sai a zo kan ado. Akan mirgina 'yar murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan guntun icce mai tsage-tsage a kan kafaɗar tulun, ya bar sawu jere a jere kamar saƙa. Sa'an nan a raba cikin tulun gida-gida da layuka daga sama zuwa ƙasa, a tsaga siffofi a ciki da abu mai kaifi: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu. Ba a zana su yadda ido ke ganinsu a daji ba; akan baje su ne a miƙe, a cika jikinsu da ƙananan layuka masu gilma juna, har su zama rabinsu dabba rabinsu ado.

Wannan duk gado ne, ba Ladi ta ƙago shi ba. Abin da ta yi shi ne ta kwaikwayi na magabata har hannunta ya faɗa, sa'an nan nata ya fito daban, ta yadda masana ke iya bambanta ƙadangarenta da na sauran mata. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, yana cikin waɗanda suka fara tara tulunanta. A fadarsa ne wani Bature Ba'ingile, Michael Cardew, ya gan su. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauke shi aiki a 1950 domin ya duba sha'anin ginin tukwane a ƙasar, ya kuwa zaɓi Abuja ya kafa makarantar koyon wannan sana'a. Mai karatu ya lura, tsohuwar Abuja ake nufi, wadda ta sakar wa sabon birni sunanta ta koma Suleja ta Jihar Neja. A 1954 Ladi ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Daga baya waɗansu mata suka biyo ta, irin su Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

A can ta koyi aiki da injin juyi, ta yi faranti da kwano da butar shayi, amma ba ta bar ginin hannu ba, ba ta kuma bar zanenta ba. Sai dai an sake masa mazauni. Aka riƙa cusa farar ƙasa a cikin tsagogin zanen domin ya fito sarai, a shafa wa tulun ruwan ƙyalli irin na tangaran, a gasa shi a wuta mai zafin da ya kai digiri 1,200 ko fiye, maimakon toyi a fili da itace da ciyawa irin na ƙauye. An nuna aikinta a birnin Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma zaga Amurka tare da Cardew a 1972 tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta masu hazaƙa a 1980, da lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984.

Akwai darasi guda a cikin wannan labari wanda ya kamata mai koyo ya riƙe. Tulun ƙauye yana tsattsafo, shi ya sa ruwansa ke sanyi. Tulun da aka yi wa ƙyalli ya daina tsattsafo, ya yi nauyi, ya tashi daga mazubin ruwa ya koma abin ado na kan teburi. Watau duk sa'ad da aka ɗauke zane daga inda aka haife shi aka kai shi wani wuri, yakan sami wani abu ya kuma rasa wani. Wanda zai ɗauke ƙadangaren Ladi daga jikin tulu ya dora shi kan takarda, shi ma irin wannan ciniki zai yi, gara kuwa ya yi shi da sani.

Ba a Kwali kaɗai ba

Koyo ta hanyar kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajiri yakan fara rubutu ne da bin sawun abin da malam ya rubuta masa a allo. Mai zayyana, wanda ke ƙawata allon sauka da ja da kore da rawaya, bai fara da ƙago fasalinsa ba. Na malaminsa ya yi ta maimaitawa har ya san inda layi ke shiga da inda yake fita. Haka mai zana aska takwas a jikin babbar riga kafin maɗinki ya bi da zare, haka masu sassaƙa ƙwarya, haka magina masu yi wa soro da zaure dagi a birnin Zariya da Kano. Hausawa sun ce da koyo akan iya, kuma babu koyo sai da abin koyi.

Sauran duniya ma haka take. Wani masanin ƙasar Sin mai suna Xie He, wajen ƙarni na 6, ya jera ƙa'idojin zane guda shida, ta shidan kuwa ita ce kwaikwayon aikin magabata. Gidan tarihi na Louvre da ke Faris, tun da aka buɗe shi a 1793, yana barin masu koyo su kafa allunansu a gaban ayyukan gwanaye su kwafa. Vincent van Gogh, mutumin Holan wanda a yau zanensa ke cikin mafi tsada a duniya, ya kwafi zanen Japanawa a 1887, ya kuma kwafi hotunan manoma na Millet a 1889 da 1890. A Indiya, Jamini Roy ya gama makarantar zane irin ta Turawa a Kalkata, amma a shekarun 1920 ya juya ya koma koyon salon masu zanen gargajiya na Bengal, yana haɗa launinsa da ƙasa, kuma da wannan ne sunansa ya tsaya.

A nan gida Nijeriya, a 1958 waɗansu ɗalibai na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun kafa ƙungiya domin sun ga malamansu Turawa ba su koya musu komai sai salon Turai. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ba su ce a watsar da ilmin Turawa ba. Cewa suka yi kowa ya koma garinsu ya koyi zanen mutanensa, ya haɗa biyun. Okeke ya koma kan zanen uli, wanda matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya, daga bisani ya mai da shi ginshiƙin koyarwa a Jami'ar Nsukka. Yau babu mai ba da tarihin zanen Nijeriya ya tsallake waɗannan mutane. Abin da uli ya yi wa Nsukka, babu dalilin da zai hana zanen Gwari ya yi wa Abuja.

Yadda mai koyo zai yi

Na farko, gani ya kori ji, ya kuma kori hoto. Mai koyo ya nemi tulun kansa ya zagaya shi, domin hoton waya gefe ɗaya kawai yake nunawa. Har yanzu mata na ginin tukwane a Ushafa ta ƙaramar hukumar Bwari, inda aka kai Shugaban Amurka Bill Clinton ziyara a watan Agusta na 2000, ana kuma yi a Giri da ke kan hanyar Gwagwalada. Wanda ya yi sammako ya ga maginiya tana tsaga layi a ɗanyen yumɓu, zai gane abin da littafi ba zai gaya masa ba: ba ta gogewa, ba ta komawa baya, layi ɗaya take ja da numfashi ɗaya.

Na biyu, kada ya fara da dabbar, ko da yake ita ce ta fi jan ido. Ya fara da tsarin. Ya ƙirga gidajen da aka raba cikin tulun, ya lura da faɗin kowane ɗaya, ya ga inda aka cika da ado da inda aka bari fayau. Tulu zagayayye ne, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Sai ya ɗauka kamar an kwance zanen an shanya shi kamar zani. A nan ne zai fara koyon abin da makarantun zane ke shafe watanni suna koyarwa, watau rabon fili da daidaita nauyin gefe da gefe.

Na uku, ya ɗauki siffa ɗaya tak, a ce ƙadangare, ya yi ta zana ta da fensir, sau goma, sau ashirin, yana duban asalin. Sa'an nan ya kife asalin ya zana da ka, ya buɗe ya gwada. Inda ya kauce, nan ne idonsa bai gani ba tukuna. Kwafa ta hanyar ɗora siririyar takarda a kan hoto a bi sawu ba ta da amfani a nan, domin hannu ne ke tafiya, ido yana barci.

Na huɗu, launi. Mai koyo ya kan so ya sayi akwatin fenti mai launi ashirin da huɗu, ya kuwa ruɗe. Tulun Gwari launi uku ya ishe shi: ja na ƙasa, baƙi, fari. Dukansu kuwa ana samunsu ba tare da an je kanti ba. A niƙa jar ƙasa ko farar ƙasa a tankaɗe, a dama da ruwan ƙaro, ta zama fenti mai kama takarda. Baƙin kuwa tawadar makarantar allo ce, wadda ake yi da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro. Wanda ya iya sarrafa launi uku har suka zauna lafiya da juna, in an ba shi ashirin ba za su gagare shi ba. Wanda bai iya ukun ba, ashirin sai su ƙara masa ɓata. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, kuma shi ne wanda aka fi mantawa: ya tambayi maginiya abin da take kiran kowane ado da harshenta, ya rubuta a bayan takardarsa, tare da sunan garin da ranar. Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye suna ƙarewa, bokitin roba da firiji sun rage wa tulu kasuwa, ƙauyuka da yawa na Gwari kuwa birni ya haɗiye su ko an tashe su. Littafin zanen ɗan makaranta na iya zama wurin da wani ado zai tsira.

Wani mai karatu zai ce, to batun zana abu mai rai fa? Malamai sun yi bayani mai yawa a kan wannan, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba a tilasta masa. Ƙofar ba ta rufe ba domin haka. Rabin adon tulun layuka ne da kusurwoyi da sawun igiya, ga kuma zayyana da dagi da zanen ƙwarya, waɗanda babu dabba ko ɗaya a cikinsu, amma duk darussan da aka lissafa a sama suna nan ciki.

Inda kwaikwayo ke zama laifi

Masu sukar kwaikwayo suna da gaskiya a wuri biyu, bai kuwa kamata a ɓoye ba. Na ɗaya, akwai wanda ke shiga kwaikwayo ya ƙi fita. Duk mai yawo a wuraren da ake sayar wa baƙi kayan tsaraba a Abuja ya san irin waɗannan hotuna: mace ɗauke da tulu, bukka, faɗuwar rana, guda ɗari kamar an buga su da hatimi. Abin ban dariya ma, sau da yawa a kai ake ɗora mata tulun, alhali matan Gwari an san su ne da ɗaukar kaya a kafaɗa. Wanda ya zana bai duba ba; kwafin kwafi ya kwafa. Kama da wane ba wane ba ne. Kwaikwayo makaranta ce, ba gidan zama ba, kuma alamar an sauke ita ce ranar da mai koyo ya ɗauki tsarin tulun ya zuba masa abin da idonsa ya gani, ko Dutsen Zuma ne, ko 'yan acaɓa a mashigar Nyanya, ko jerin masu tallan doya a Gwagwalada. Ladi ma abin da ta yi ke nan; da ta tsaya inda malamarta ta tsaya, da ba a san sunanta ba.

Na biyu, akwai wanda ke ɗaukar aikin mutane ya ɓoye inda ya samo, ya buga a atamfa ko bangon otal ya karɓi kuɗi, masu abin ba su ji ba ba su gani ba. Wannan ba koyo ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, tun daga ta 1988 har zuwa ta 2022 da ta maye gurbinta, ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya, har da ta tukwane da sassaƙa da saƙa. Ta yarda a yi amfani da ita domin koyarwa, ta yarda a ara domin ƙirƙiro sabon aiki, amma ta nemi a ambaci al'umma ko garin da aka samo, ta kuma hana kwafa domin ciniki ba da izini ba. Ko da babu doka, ladabi ya isa. Almajirin kirki ba ya karanta littafi ya ƙi ambaton malaminsa. Layi ɗaya a ƙasan hoto, cewa an yi shi ne bisa adon tukwanen Kwali ko na Ushafa, ba ya rage wa mai zane komai.

Abin da ya rage ga hukuma da iyaye

An sa wa titi sunan Ladi Kwali a Abuja, an sa wa babban zauren taro, an sa wa makarantar da ta yi aiki a Suleja. Duk wannan ya yi kyau, amma suna a allon titi ba ya koya wa yaro riƙe buroshi. Hukumomin ilmi na Birnin Tarayya suna iya yin abin da ba ya cin kuɗi mai yawa: kowace makaranta ta sayi tulu biyu ko uku daga hannun maginan kansu a ajiye a aji, a gayyaci maginiya ta zo ta yi ado a gaban yara sau ɗaya a zangon karatu, a biya ta kamar yadda ake biyan kowane malami. Cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Garki, da Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa wadda aka kafa a 1993, da gidajen zane masu zaman kansu irin na Nike Davies-Okundaye da ke kan hanyar filin jirgin sama, duk suna iya ware ranar da za a bar yara su zauna a gaban aikin gwani su kwafa ba mai kora.

Iyaye kuma su daina ɗaukar zane wasan banza. Mai zanen atamfa, da mai tsara gini, da mai ƙawata littafi, da mai aikin zane a kwamfuta, duk da fensir suka fara, kuma wanda ya fi samun shiga a cikinsu shi ne wanda ke da abin da na waje ba su da shi. Yaron Abuja ba zai fi Bajapane iya zanen Japan ba, komai ƙoƙarinsa. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma ƙadangaren Kwali, in ya koye shi da kyau, ya ambaci masu shi, ya kuma wuce inda suka tsaya, wannan babu wanda zai riga shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa masu iko da abin su ji.